Gwaggo Ta Tafi da Makullin

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har ya tumbatsa, ni Julius Bakut, tsohon ma'aikacin garken shanu a Shika, mazaunin Hayin Dogo a nan Samaru, a madadin matata Susanna da 'yarmu Stephanie, nake sanar da 'yan'uwa da 'yan ikilisiya da maƙwabta, har da masu yi mana dariya kowace Asabar, rasuwar kwamfutar gidanmu, wadda kowa ya sani da suna Gwaggo. Ta rasu wata Talata da rana tsaka, cikin watan Afrilun wannan shekara ta 2008, a wani shagon gyara a Sabon Gari. Ta rasu a hannun mai gyara, ina zaune a kan benci ina kallo, har ina yi masa sannu da aiki.

Wanda ya zo gaisuwa ya tarar da ita a kan tebur tana haske, kada ya ce tsufa ya taɓa ni. Na san tana kunnuwa. Yanzu ma ta fi yadda take a da saurin tashi, kafin ka janyo kujera ta gama shiri. Amma wadda ke kan teburin nan ba ta san mu ba, ba ta san ɗana ba, ba ta san hanyar da muka yi shekaru muna bi tare ba. A wurina gawa ce, ko da tana haske.

Marigayiya ba haifaffiyar ƙasar nan ba ce. Ta yi ƙuruciyarta a wani ofishin Turawa da ba mu sani ba, ta iso Zariya a 'yar gwanjo, da tabon gindin kofin shayi a kanta. Ɗanmu na fari, Othniel, shi ya ɗauko ta a shekarar 2001, da gumin masarar da ya noma a bayan kwatas ɗinmu na Shika. Shi ya raɗa mata suna Gwaggo, domin in an kunna ta sai ta yi nishi, ƙirrr, ƙirrr, ta yi shiru kamar ta fasa, sannan ta ce tit, daidai yadda yayata ke tashi daga tabarma. Da ita ya riƙa buga wa ɗaliban jami'a furojet, suna kawo rubutu kamar tafiyar kaza yana mayar musu da shi abin nunawa.

Da ya ga aikin gwamnati ya ƙi samuwa, sai ya ce zai bi hanyar Agadas, ya ratsa hamada, ya nemi tsallaka teku. Na yi faɗa, uwarsa ta yi kuka, fasto ya zo har gida, yaro bai hanu ba. Kafin ya tafi, a shekarar 2003, ya buɗe mini akwatin saƙo a intanet, domin a lokacin ba mu da wayar hannu. Na ce ya rubuta mini kalmar sirrin a takarda, ya yi dariya, ya ce takardar da zan sa a aljihu Mama ta haɗa da wanki? Ya ce Gwaggo za ta riƙe mini, ita ba ta mantuwa. Haka kuwa aka yi. Da na danna harafin farko na sunana sai ta cike sauran da kanta, ta jera wasu 'yan taurari a ƙasa, akwati ya buɗe. Abin da ke bayan taurarin nan ban taɓa sani ba. Mutum biyu suka sani a duniya, Othniel da Gwaggo.

Gidanmu babu intanet, kuma ba wata kwamfuta da ta san makullin sai ita. Saboda haka kowace Asabar da hantsi Susanna takan naɗe cikinta, wannan ƙaton akwatin ƙarfen, da wani zanenta na zumuntar mata, in rungume ta a cinya, Bernard ɗan acaɓa ya ɗauke mu. Bernard tare suka yi firamare da Othniel, yanzu magidanci ne da 'ya'yansa, kuma bai taɓa bin rami da mu ba. Mukan sauka a kafen Madam Modupe, shagon intanet da ke kusa da kasuwar Samaru. Ita wannan baiwar Allah ta ware mana kusurwa, takan zare waya daga ɗaya daga cikin injinanta ta soka wa Gwaggo. Ɗalibai kuwa ba su bar mu mun huta ba. Da sun hango mu sai ka ji ana cewa ga Baba ya kawo amarya awo. Na ji, na haɗiye, domin ba wurinsu na zo ba.

Ta bakin Gwaggo muka ji ya isa Agadas. Ta bakinta muka ji ya kai Sabha da ƙafa a kumbure, daga baya yana aikin gini a Tarabulus. Daga can ya aiko hoto, yana tsaye jikin wani farin bango da hular sanyi, ya rame, amma yana dariya. Modupe ta buga mana shi a takarda, injinta ya fito da shi baƙi ƙirin, ba ka ganin komai sai haƙora. Amma Gwaggo ta ajiye shi a cikinta, a wata ma'ajiyarta ta abubuwan da ta gani a hanya, ko a gida aka kunna ta ba waya takan nuna shi da launinsa. Kowace Lahadi bayan sujada Susanna takan zauna gabansa da kayan cocinta ba ta ko cire ɗankwali ba.

Saƙonsa na ƙarshe ya zo da daminar 2005. Ya ce ya samu jirgin ruwa, in ya tsallaka zai rubuto. Tun daga nan shiru, ko ɗuriyarsa ba mu ji ba. Shekarar da ta biyo na yi ritaya, muka bar kwatas, muka dawo Hayin Dogo, na sayi wayar hannu. Na aika masa sabon adireshi da lambar waya, saƙon ya dawo mini. Modupe ta ce akwatinsa ya mutu saboda an daɗe ba a buɗe ba. To, ku duba lamarin da kyau, ku masu dariya. Yaro bai san inda muka koma ba. Bai san muna da waya ba. In yana raye, a kurkuku ne ko a gonar wani Bature, duk ranar da ya samu zama gaban kwamfuta, ƙofa ɗaya ya sani da ka, wadda ya gina da hannunsa, akwatina. Wannan ƙofar muke zuwa dubawa kowace Asabar. In na dawo, Susanna na tsaye a bakin ƙofa, ta ce yaya, in ce tukuna. Sai ta ce to, Allah na nan, ta karɓi Gwaggo ta shiga da ita.

Marigayiya mai riƙon amana ce. An ɗauke wuta tana tsakiyar aiki ba sau ɗaya ba, ba ta yar da abin da aka ba ta ba. Ta sha rana a kan babur, ta sha yayyafi, kyankyasai sun yi gida a cikinta, ba ta yi ƙorafi ba sai nishi. Tana da nawa, wannan gaskiya ne, ba zan yi mata ƙarya don ta mutu ba. Amma nawarta ta mai kaya a ka ce. Modupe ta taɓa ba ni shawara mu canza kalmar sirrin zuwa wadda na sani, muka gwada, aka ce sai mun kawo tsohuwar. Daga ranar na hana kowa taɓa ta, har Stephanie, wadda ta yi fushi da ni wata guda a kan haka.

Ciwon ajalinta ba wani babban ciwo ba ne, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Fanka ce. Da zafin bazara ya tsananta, 'yar fankar da ke cikinta ta fara kuka, gwarrr, gwarrr, sai jikinta ya yi zafi ta ɗauke numfashi. Aka kwatanta mini shagon wani Ogbonna a Sabon Gari, aka ce hannunsa na da kyau. Ba zan ci zalinsa ba, hannunsa na da kyau. Na ce masa fanka kawai, kada ya taɓa komai. Na maimaita da Hausa, na maimaita da Turanci. Ya ce ba wahala. Na ƙi zuwa ko'ina, na zauna a bencinsa, har ruwan leda sai da aka miƙo mini ina zaune. Ya sa sabuwar fanka, ya hure ƙura, ya kunna, Gwaggo ta tashi da nishinta, ƙirrr, ƙirrr, tit. Raina ya yi fari. Wannan ne karo na ƙarshe da na ji muryarta.

Sai ya zaro filash daga aljihu ya soka mata. Wata manhaja mai hoton tsintsiya ta fito, da ƙananan akwatuna jere, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana dannawa, bai tsallake ko ɗaya ba. Wani koren layi ya fara tafiya daga hagu zuwa dama. Ni a zatona gwajin fanka ne. Gwaggo ta yi wani kuka a ciki, taka-taka-taka, kamar ana tsintar shinkafa a faranti, ni kuwa ina gyaɗa kai ina cewa sannu da aiki. Kai, Julius! Ana yanka ta a gabanka kana sannu da aiki.

Da layin ya kai ƙarshe ya juyo baki har kunne. Ya ce wannan kyauta ce, haka yake yi wa duk kwamfutar da ta shigo shagonsa, ba ya tambaya, don kada ya ba mutum kunya. Ya rage murya, ya kashe mini ido ɗaya, ya ce: "Baba, na wanke ta tas. Duk inda ka shiga, duk abin da ka kalla, babu. Mama ba za ta ga komai ba."

Ashe haka al'adar take a layin masu gyara. Samari da magidanta, har da masu zama a bencin gaba a coci, in ji shi, suna kawo injinansu cike da abin kunya, shi kuma ya share musu sawu ba tare da an yi magana ba, a rabu ana mutunta juna. Ya dubi furfurata, ya dubi zanen zumuntar mata, ya yanke hukunci cewa ni ma ina da abin ɓoyewa. Ya nuna mini yawan abin da ya kwashe, ya kira shi datti. A lokacin ban gane ba. Na ji haushin kashe idon, amma na yi godiya, na naɗe ta na tafi. Mama ba za ta ga komai ba! A duk maganar da aka taɓa faɗa mini a Sabon Gari, ba wadda ta cika kamar wannan.

Ranar Asabar muka je kafe kamar kullum. Ta tashi fit, ba nishi, har Modupe ta ce a'a, Gwaggo ta koma budurwa. Na danna harafin farko na sunana. Shiru. Na sake dannawa. Ba ta cike ba, taurari ba su fito ba, sai wani ɗan layi siriri yana ƙyafta mini ido a cikin farin fili. Modupe ta ture ni ta zauna, ta shiga nan ta fita can, na ga hannunta ya tsaya. Ta tambaye ni wa ya taɓa ta. Da na faɗa mata, sai ta ɗora hannu biyu a ka. Muka nemi hoton farin bango, shi ma babu. Na zauna a ƙasa a gaban ɗalibai, ranar dai ba wanda ya yi dariya.

Na koma wurin Ogbonna a ranar. Da ya ji bayani jikinsa ya mutu, ya ce shi shara kawai ya share, abubuwan wucin gadi ne, ba wanda ke ajiye abin kirki a nan. Wucin gadi! Shekara biyar tana riƙe da shi. Ya gwada wata manhajar tono, ya yi gumi, bai tono komai ba, domin tsintsiyar tasa irin mai bin wuri tana maimaitawa ce don kada a samu ko ɓurɓushi. Da wannan yake alfahari a da. Ya roƙe ni gafara, ya ce in ɗauki sabon maus kyauta. Na ce masa kyautarsa ta farko ma ban gama cinye ta ba. Fasto ya ce in yafe, ba da gangan ba ne. Na ji, Fasto. Ina kan hanya, ban iso ba tukuna, kuma kada a aiko mini da shi gida da lemo.

Hanya ɗaya ta rage. Masu akwatin sun ce wanda ya manta kalmar sirri ya amsa tambayar da aka ajiye ranar buɗewa. Tambayar da Othniel ya ajiye ita ce, wane ne babban abokinka na yarinta. Ba nawa ba, nasa, domin shi ya cike komai. Bernard yana tsaye a bayana ya buga ƙirji ya ce in sa sunansa, ai ba tambaya. Muka sa, aka ce ba shi ba ne. Ya fita waje ya daɗe yana goge babur ɗin da ba datti a jikinsa. Na sa sunayen yaran kwatas da na tuna, na sa na ɗan yayata, duk aka ƙi, har akwatin ya ƙulle kansa sai da muka jira. Na raini yaron nan a gidana, na san kukan kowace saniya a garke, amma ban san wanda ya fi so a cikin abokansa ba. Modupe kuma ta gaya mini gaskiya, akwatin da aka yi watanni ba a buɗe ba rufe shi ake yi gaba ɗaya, kamar yadda aka rufe nasa. In damina ta wuce a haka, ko ya rubuto, saƙon komawa zai yi hannunsa, ya ɗauka mun mutu ko mun cire shi a rai.

Marigayiya ta rasu ta bar allo mai ƙaton ƙeya, da madannai waɗanda haruffan sunana suka goge a jikinsu, da tsohon maus, da zane ɗaya na zumuntar mata. Ta bar ni, ta bar Susanna, wadda da na faɗa mata ba ta yi kuka ba, ta ninke zanen ta sa a akwati, ta daina zama a falo ranar Lahadi. Ta bar Stephanie, wadda ke ganin yanzu sai a ba ta injin ta yi karatu da shi, kuma ba ta yi laifi ba. Ta bar Bernard da Madam Modupe. Akwai kuma mutum ɗaya da ban san inda zan sa sunansa ba, cikin waɗanda ta bari ko cikin waɗanda suka riga ta. Ita ce muke jira ta gaya mana.

Ga yadda za a yi jana'iza. Ba za a haƙa rami ba, ba za a kafa rumfa ba. Ranar Asabar mai zuwa da hantsi Bernard zai ɗauki gawa daga Hayin Dogo zuwa kafen Madam Modupe, a kwantar da ita a kusurwarta, a soka mata waya. Za ta kasance a nan har la'asar, haka kuma kowace Asabar har ƙarshen damina. Ba ma bukatar shinkafa, ba ma bukatar kuɗi a ambulan, ba ma bukatar a ce mu yi haƙuri, muna da shi har ya yi mana yawa. Abin da iyali ke roƙo shi ne, duk wanda ya yi wasa da Othniel Julius a kwatas ɗin Shika, ko ya zauna benci ɗaya da shi a firamare, ko suka yi satar mangwaro tare, ko suka yi ajin Lahadi, ya zo da suna. Nasa, ko na wani da ya tuna, ko sunan tsokana da mu manya ba mu sani ba. Wanda ya koma Jama'a ko Kaduna a aika masa. Za a riƙa gwadawa kaɗan-kaɗan don kada akwatin ya sake ƙullewa, saboda haka a zo da haƙurin jira. Ɗaliban da suka saba dariya su ma su zo, wuri a buɗe yake. Ogbonna kada ya zo, in kuma ya zo, ya bar filash ɗinsa a gida.

Bayan damina, in ba a dace ba, za a miƙa gawar ga Stephanie ta yi abin da ta ga dama da ita, ni dai kada a kunna ta ina ɗakin.

Susanna ba za ta halarta ba. Jiya ta fito da zanen daga akwati ta goge shi, ta ce ita za ta tsaya a bakin ƙofa kamar kullum. In na dawo za ta ce yaya. Shekaru ina da amsa, ina ce mata tukuna. Kalma ce mai ɗaci, amma gaskiya ce, domin na buɗe na duba da idona na ga bai rubuto ba. Yanzu mai yiwuwa saƙonsa na kwance a ciki tun watan jiya, mai yiwuwa babu, ban sani ba. Ko tukunan ma an share mini ita. Wanda ya san abin da zan ce wa matar nan ranar Asabar, ya zo da shi shi ma.

Allah ya ji ƙan Gwaggo, ya saka mata riƙon amanar da ta yi.

Sanarwa daga Julius Bakut, Hayin Dogo, Samaru, a madadin iyalin da ke gida, da wanda muke jira.